Giga nawa na RAM zan sa wa sabuwar kwamfutata?

Wani ɗan'uwa ne ya aiko da tambaya. Ya ce zai sayi sabuwar kwamfuta, amma ya rasa inda zai tsaya tsakanin RAM giga 8, giga 16 da giga 32. Aikinsa rubuce-rubucen ofis ne da lissafi da shiga intanet, sai ɗan gyaran bidiyo jefi-jefi, kuma yana son ta kai shi shekara biyar. Wani ya ce masa 8 ta wadatar, wani kuma ya ce in bai sa 32 ba ya yi asarar kuɗinsa.

To malam, ga amsa tun da wuri, bayani ya biyo baya. In kwamfutar da ka ɗora wa ido irin wadda ake kwancewa a ƙara mata RAM daga baya ce, sa giga 16 ka kwantar da hankalinka. In kuwa RAM ɗinta a liƙe yake a jikin madabod, wato babban allon da sassan kwamfuta ke zaune a kai, ba ya cirowa, to daure ka sa 32. Giga 8 a sabuwar kwamfutar da ake son ta yi shekara biyar, ban ba ka wannan shawarar ba. Mutanen nan biyu da suka ba ka shawara kowannensu ya faɗi wani abu mai kama da gaskiya, sai dai babu wanda ya tambaye ka ko kwamfutar tana karɓar ƙari, alhali a nan maganar take.

Bari mu fara raba abu biyu da ake yawan haɗawa, don kalmar memori ta rikita mutane da yawa. Akwai ma'adana, wato SSD ko tsohon faifan nan mai juyawa, inda hotunanka da takardunka da manhajojinka suke kwana. Ita ce za ka ji an ce giga 256 ko 512 ko tera 1. RAM kuma wurin aiki ne kawai. Duk manhajar da ka buɗe sai an kwaso ta daga ma'adana an shimfiɗa a RAM kafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya taɓa ta, kuma da an kashe kwamfuta duk abin da ke cikinsa ya goge. Saboda haka in mai sayarwa ya ce maka "memorinta 512 ne", bai gaya maka komai game da RAM ba tukuna, sake tambayarsa.

Ka taɓa lura da bakanike in ya shiga ƙarƙashin mota? Sufanu biyar ko shida da zai buƙata yakan jera su a gefensa, inda hannunsa zai kai ba tare da ya ɗaga kai ba. Sauran kayan suna cikin akwati can gefe. In abin da yake nema yana kusa, aiki na tafiya. In babu, sai ya jawo jiki ya fito, ya miƙe, ya je ya bincika akwati, ya dawo ya sake kwanciya. Tazarar da ke tsakanin RAM da ma'adana ta fi wannan nisa. Furosesa yana samun abin da ya nema daga RAM cikin kusan kashi ɗaya bisa miliyan goma na daƙiƙa. SSD mai kyau yana ɗaukar ninkin haka sau ɗaruruwa har zuwa dubu, faifai mai juyawa kuwa kusan sau dubu 100. In muka ƙaddara ɗauko abu daga RAM daƙiƙa ɗaya ce, daga SSD zai iya kai wa rubu'in awa, daga faifai kuma ya haura yini da kwana. Shi ya sa cikar RAM take jin jiki haka.

Amma ga inda mutane ke kuskure: suna ɗauka RAM kamar man fetur ne ko ƙarfin inji, iya yawansa iya gudun kwamfuta. Ba haka ba ne. Ya fi kama da takalmi. In ya matse ka, ko taku goma ba za ka yi da daɗi ba. In ya yi maka daidai, za ka yi tafiyarka har ka manta da shi. In kuma ka sayi wanda ya fi ƙafarka da lamba biyar, ba zai ƙara maka gudu ko kaɗan ba. Mutumin da aikinsa ke cin giga 11, in ya tashi daga 8 zuwa 16 zai ji kamar an sauya masa kwamfuta. Shi ɗin dai in ya tashi daga 16 zuwa 64, da wuya ya ji wani bambanci, sai a aljihunsa. Abin nema shi ne girman ƙafarka a ranar da ta fi kumbura, sannan a bar ɗan sarari, tunda ƙafar nan girma take yi.

Yadda matsin yake faruwa kuwa, kusan kowa ya taɓa ganinsa ko da bai san sunansa ba. Kana cikin taro ta bidiyo, aka ce ka nuna takardar lissafin da ka buɗe tun safe. Ka danna ta, sai tagar ta fito fari fat, ɗan da'irar nan tana ta juyawa, muryar mai magana ta soma yankewa, ka rubuta kalma sai bayan daƙiƙa biyu haruffan su bayyana a tare. Ka koma burauza, shafin da kake karantawa ɗazu ya sake lodi daga farko. Abin da ya faru a ciki shi ne, da RAM ya kusa cika, Windows ta fara matse abubuwan da ba a taɓa ba kwanan nan don su rage cin wuri, dabarar da ta zo da ita tun Windows 10. Da hakan bai isa ba sai ta kwashe wasu ta zuba a wani fayil cikin ma'adana mai suna pagefile.sys. Takardarka tana cikin waɗanda aka kwashe. Da ka neme ta, dole a fitar da wani abu kafin a shigo da ita, bakanike ya fito daga ƙarƙashin mota ke nan. Kwamfutar ba ta lalace ba, ba kuma ƙwayar cuta ba ce, wuri ne ya yi mata kaɗan.

Me ya sa na ce a bar giga 8, alhali Microsoft da kansa ya ce giga 4 ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke buƙata? Wannan adadin na kunnawa ne, ba na aiki ba. A yawancin kwamfutocin da nake dubawa, Windows 11 tana zaune a kan giga 3 zuwa 4 tun kafin a buɗe komai. Sannan in kwamfutar ba ta da katin hoto na daban, kamar yadda yawancin laftof ɗin ofis suke, sashen hoton da ke cikin furosesa daga RAM ɗin nan yake ɗibar nasa kason. Abin da ya rage sai burauza ta faɗa masa. Chrome da Edge ba manhaja ɗaya ba ce mai shafuka da yawa, kusan kowane gidan yanar gizo da ka buɗe ana ware masa nasa ɗakin ne, saboda tsaro da kuma don kada ɗaya ya faɗi ya ja sauran. Tsari ne mai kyau, amma yana cin wuri. Shafin wasiƙu ko na taswira ko na bidiyo shi kaɗai yana iya cin ɗaruruwan mega (kusan mega dubu ne giga ɗaya). Ƙari a kan haka, manhajoji da dama da muke ɗauka masu zaman kansu ne, irin su Slack da Discord da VS Code, kowaccensu tana ɗauke da tata burauzar a ciki. Ka buɗe uku, ka buɗe burauza uku ke nan ban da wadda kake gani. Giga 8 za ta yi aiki, ban ce ba za ta yi ba, kuma wanda yake da ita a hannu yana iya lallaɓawa. Amma sayen sabuwa da 8 tamkar sayen takalmin da tun a wurin gwaji ya soma taɓa yatsa ne.

Dubi yadda ƙafar take girma. Windows 95 giga ba ta ma shigo maganarta ba, mega 4 ta nema. Windows XP a 2001 ta nemi mega 64. Windows 7 a 2009 ta nemi giga 1 ko 2, Windows 11 a 2021 ta nemi 4. Ba a taɓa komawa baya ba. A 2024 Microsoft ya gindaya giga 16 a matsayin sharaɗi ga kwamfutocin da ya sa wa suna Copilot+, kuma a watan Oktoba na shekarar Apple, wanda ya daɗe yana kare giga 8, ya mayar da MacBook Air da iMac da Mac mini suna farawa daga 16. In masu ƙera kayan da kansu sun koma 16, masu rubuta manhaja ma da 16 za su riƙa auna aikinsu, kuma mai 8 shi zai riƙa biyan bashin.

Duk wannan magana ce ta gaba ɗaya. Kai naka aikin fa? Gani ya kori ji, kuma in kana da tsohuwar kwamfuta a hannu, awon ba ya ɗaukar minti biyar. Kada ka auna da safe lokacin da ka kunna ta. Bari sai tsakiyar rana mai cunkoso, sa'ad da shafuka suka taru, takardu uku a buɗe, manhajar bidiyo na aiki. Sai ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, ka shiga Performance, ka zaɓi Memory. Yawancin mutane adadin da ke ƙarƙashin In use suke kallo, amma shi ba zai taɓa wuce RAM ɗin da ke cikin kwamfutar ba, don haka ba zai gaya maka nawa ka rasa ba. Ka duba Committed. Za ka ga lamba biyu, misali 11.4/17.0. Ta farko ita ce jimillar wurin da manhajoji suka nema aka yi musu alkawari, ta biyu kuma RAM ne haɗe da fayil ɗin nan na ma'adana. In kwamfutarka mai 8 ce ka ga ta farkon tana yawo a 11 ko 12, ka ga ƙafarka ke nan. Lambar takan ɗan zarce ainihin buƙata, saboda wasu manhajoji suna kama wurin da ba za su taɓa amfani da shi ba, amma ma'auni ne mai kyau. Ni yadda nake yi, in ɗauki mafi girman abin da na gani cikin mako, in ƙara masa rabinsa saboda shekaru masu zuwa, in sayi girman da ke sama da shi. Mai 10 ya zama 15, sai 16. Mai 14 ya zama 21, sai 24 ko 32.

Wani abu kuma, kada ka tsorata in ka ga kwamfuta mai giga 32 ta nuna ta cinye 14 alhali ba ka buɗe abin kirki ba. Tsarin kwamfuta in ya ga fili yakan baje, ya ajiye fayilolin da yake zaton za ka nema, shi ne abin da ke ƙarƙashin Cached, kuma da wata manhaja ta nemi wurin zai sakar mata nan take. RAM ɗin da ke zaune babu komai ba ya amfanar kowa. Shi ya sa ma manhajojin nan masu cewa za su "wanke" maka RAM ba su da wani amfani, abin da aka ajiye don saurinka suke zubarwa. Mai Mac ya buɗe Activity Monitor ya kalli Memory Pressure: kore lafiya lau, rawaya an fara matsuwa, ja an cika. Mai Linux ya rubuta free -h ya kalli available, ba free ba.

Yanzu gyaran bidiyon da ka ambata, wanda a cikin ayyukanka shi ne kaɗai abin da zai iya fitar da kai daga 16. "Jefi-jefi" ba ta rage komai, domin ranar da ka buɗe manhajar, wurin da take so take so, ko sau ɗaya ne a wata. Abin tambaya shi ne girman bidiyon. Hoto guda na bidiyon 4K ɗigo 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, sama da ɗigo miliyan 8 ke nan. In an warware shi don gyara, kowane ɗigo ya ci bait 4 (kusan bait miliyan ne mega ɗaya), hoto ɗaya ya kai mega 33. Bidiyo mai hoto 30 a daƙiƙa, daƙiƙa ɗaya tak ta kusa giga 1. Manhajar ba ta warware fim ɗin gaba ɗaya, amma tana riƙe abin da za ta iya don in ka ja baya ko gaba kada ya tsaya. Bidiyon 1080 rubu'in wannan ne daidai. Shi ya sa Adobe ya rubuta wa Premiere Pro giga 16 don bidiyon HD, 32 don 4K zuwa sama, kuma DaVinci Resolve ma 16 yake nema, 32 in za a yi aiki da sashensa na Fusion. In yankawa da haɗawa da sa rubutu kake yi a bidiyon 1080, 16 ta ishe ka. In 4K ne daga kyamara, da gyaran launi da jera bidiyo a kan bidiyo, 32. Akwai kuma hanyar tsakiya da ƙwararru ke bi ko da suna da manyan injuna: manhajar ta yi maka ƙananan kwafi masu sauƙi ka yi gyara da su, sai wurin fitarwa ta koma kan na asali. Da wannan dabarar mai 16 yana gyara 4K, sai dai ya rufe burauza tukuna.

Tunda wasu ma za su karanta, bari in taɓo nasu a gurguje. Mai gyaran hoto: hoton kyamara mai ɗigo miliyan 24, in an buɗe shi da zurfin launi na bit 16, mega 144 ne, kuma kowane shimfiɗi da ka ɗora cikakke kusan wani 144 ɗin ne, ga tarihin gyare-gyaren da manhajar ke riƙewa don ka iya komawa baya. 16 na yi, 32 ta fi daɗi. Mai wasannin kwamfuta: 16 na ɗaukar mafi yawansu, PlayStation 5 da Xbox Series X ma giga 16 gare su gaba ɗaya, amma manyan sababbi sun soma wucewa, Microsoft Flight Simulator 2024 ya sa 16 a mafi ƙaranci, ya ba da shawarar 32. Mai rubuta manhaja da ke kunna wata kwamfuta a cikin kwamfutarsa, ya sani kowace ɗaya nata kason take yanka ta riƙe, Windows 11 a ciki ba ta jin daɗi ƙasa da giga 8, don haka 32 ne mafarinsa. Masu son kunna ƙirƙirarriyar basira a kan injinsu ba tare da intanet ba, su ne kaɗai na ga 64 tana yi wa kaɗan: samfuri mai ma'auni biliyan 7 ko 8 in an matse shi yana cin giga 4 zuwa 5, mai biliyan 70 kuwa wajen giga 40. Kai dai ba ka cikin waɗannan, kada wani ya tsorata ka da lissafinsu.

Mu dawo kan abin da na ce shi ne gundarin maganar. A da, kusan kowace laftof tana da ƙaramar ƙofa a ƙasa, ka kwance noti biyu, ka zare sandar RAM ka sa babba. Kuskuren saye a lokacin mai gyaruwa ne. Yanzu siraran laftof da yawa RAM ɗinsu nau'in LPDDR ne, an liƙe shi da dalma a jikin madabod. Ba zalunci ne zalla ba, yana da dalili: ya fi ƙarancin cin batir, ya fi sauri, kuma ba ya cin wuri. Amma abin da ka saya ran farko da shi za ka rabu da ita. Duk Mac mai furosesan Apple, tun daga M1 na 2020, RAM ɗinsa a manne yake da furosesan, babu ƙari. Furosesan Intel na jerin Core Ultra 200V ma haka, 16 ko 32 ne a jikinsa, shi ke nan. A irin waɗannan kana saye ne wa mutumin da za ka zama nan da shekara huɗu, da manhajojin da ba a rubuta ba tukuna. Dalilin da ya sa na ce ka haura mataki ɗaya ke nan. Kwamfutar tebur kuwa, mai gurbi biyu ko huɗu, babu dalilin sayen na shekara biyar yau, ka sa abin da kake buƙata, ranar da ya gaza ka ƙara.

An taɓa kawo mini wata laftof, kyakkyawa, siririya, furosesanta na sama-sama, ba ta fi shekara biyu ba. Mai ita ya riga ya sayo sandar giga 16 a kwalinta, ya ce in sa masa kawai. Na kwance murfin ƙasa, muka leƙa tare: batir, fanka, SSD, sai wasu ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi huɗu a jere kusa da furosesa. Na nuna masa da bakin sukudireba na ce ga giga 8 ɗinka nan. Ya juya sandar da ke hannunsa, ya sake leƙawa, yana neman ramin da babu shi. Ba abin da zan iya yi masa. Don kada ka faɗa irin wannan, nemi cikakkiyar lambar samfurin, ba sunan jerin kawai ba, domin jeri ɗaya yakan ƙunshi mai gurbi da marar gurbi. Ka duba takardar bayaninta a shafin kamfanin. In ka ga LPDDR4X ko LPDDR5 ko LPDDR5X, ko kalmar onboard ko soldered, a liƙe yake, in ban da 'yan ƙalilan masu sabon tsarin LPCAMM2 da ake iya kwancewa. In ka ga SO-DIMM, akwai gurbi. In kwamfutar tana gabanka a kunne, a shafin nan na Memory akwai Slots used da Form factor, in ya ce Row of chips, liƙaƙƙe ne. Wani lokaci adadin gurbin da yake nunawa ba daidai ba ne, don haka takardar kamfani ce hujja. Akwai kuma masu rabi da rabi, giga 8 a liƙe da gurbi ɗaya a buɗe, waɗannan ba laifi.

Sai yadda za a raba shi. Giga 16 a sanda ɗaya da giga 16 a sanda biyu masu takwas-takwas ba ɗaya ba ne. Yawancin furosesa suna da hanya biyu zuwa RAM, in ka sa sanda ɗaya ka rufe hanya guda. Sandar RAM nau'in DDR4 mai gudun 3200 tana wuce da giga 25.6 a daƙiƙa, biyu kuma 51.2. A rubutu da lissafi da kyar za ka lura, amma in sashen hoton cikin furosesa kake dogaro da shi, bambancin a wasa da bidiyo a fili yake. To amma ga ɗan lissafi: laftof mai gurbi biyu, in ka cika su da takwas-takwas, ranar ƙari sai ka cire duka biyun. In kuwa ta zo da sanda ɗaya mai 16, ka sa mata 'yar'uwarta ka koma 32 ba ka zubar da komai ba. In ka san za ka ƙara cikin shekara ɗaya ko biyu, ni na fi son sanda ɗaya mai 16. In ba ka da niyyar sake buɗe ta, biyu. A kwamfutar tebur mai DDR5 kuma, kada gurbi huɗu su ruɗe ka ka ce sai ka cika su. Sanda huɗu suna wahalar da furosesa, kamfanin AMD da kansa ya rubuta wa furosesansa na jerin Ryzen 7000 gudun 5200 da sanda biyu, 3600 da huɗu. Biyu manya sun fi huɗu ƙanana. Kuma in za ka sayi biyu, sayi waɗanda aka haɗo a kwali ɗaya, an gwada su tare.

Maganar DDR4 da DDR5 ba ta buƙatar dogon tunani, madabod ce ke yanke hukunci. Ba sa shiga gurbin juna, tsagar da ke ƙasan sandar ma ba wuri ɗaya take ba. Furosesan AMD na soket AM5 DDR5 kawai suke karɓa, na Intel ƙarni na 12 zuwa na 14 suna iya ɗaukar kowanne, gwargwadon madabod ɗin da aka ɗora su. Gudun RAM yana da tasiri, amma kaɗan ne in an gwada da yawansa: giga 32 mai matsakaicin gudu ya fi wa mai buƙatar 20 amfani a kan giga 16 mafi gudu a duniya. In kai za ka haɗa kwamfutar tebur da kanka, ka tuna gudun da aka rubuta a kwali sau da yawa ba ya kama aiki sai ka shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ka kunna saitin gudun da ake kira XMP, ko EXPO a wajen AMD. Mutane da yawa sun biya kuɗin gudu suna tafiya a na ƙasa shekara da shekaru ba su sani ba. Fitilu masu launi a jikin sanda kuwa ado ne kawai.

In kuɗi ya taƙaita, a ina za a rage? Kamfanoni sun san mai saye sunan furosesa yake kallo, shi ya sa za ka ga laftof mai Core i7 ko Ryzen 7 an haɗa ta da giga 8. Ga irin aikinka, Core i5 ko Ryzen 5 na ƙarnin kwanan nan da giga 16 zai bar waccan a baya a kowace ranar aiki, domin furosesa komai ƙarfinsa in yana jiran ma'adana zaman banza yake. Girman ma'adana ma ana iya rage shi, tunda SSD a yawancin kwamfutocin Windows yana sauyuwa, ko a haɗa na waje. Abin da ba a ragewa shi ne kasancewarta SSD, kada ka yarda da sabuwar kwamfuta mai faifai mai juyawa a matsayin gidan Windows, ko RAM ɗinta nawa ne. Game da ƙari daga baya kuma, ka san kasuwar RAM hawa da sauka take. Kamfanoni uku ne, Samsung da SK Hynix da Micron, ke ƙera mafi yawan ƙwayoyinsa a duniya, kuma a ƙarshen 2025 da manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suka yi wa kayan rubdugu, tsadarsa ta yi tashin gwauron zabi. Saboda haka "zan ƙara daga baya" ba kullum take nufin "zan samu da araha" ba. Ka gwada abin da kamfani ke ɗorawa tsakanin mai 16 da mai 32 da abin da sandar ke ci in ka saye ta daban a ranar, wanda ya fi sauƙi ka bi shi.

Ranar da ta iso hannunka, kafin ka kwashe kayanka ka zuba mata, buɗe shafin nan na Memory ka tabbatar adadin da gudun da gurbin sun yi daidai da abin da aka sayar maka. In ka ga 15 da ɗoriya maimakon 16 cif, ba cuta ba ce, kason sashen hoto ne aka ware, yana nan a rubuce ƙarƙashin Hardware reserved. Sannan ka sa MemTest86 a filasha, ka tayar da kwamfutar daga kanta, ka bar gwajin ya kwana yana zagayawa. RAM mai lahani ba ya nuna kansa kai tsaye, sai dai ka ga shuɗin allo yau, fayil ya lalace jibi, ka yi ta zargin Windows. Kuskure ko guda ɗaya gwajin ya nuna, mayar da ita tun garanti bai ƙare ba.